An ɗora min koslon biki, ni kuwa ko warin bama ba na so

'Yar Malumfashi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ranar wanka ce, ba zan ɓoye cibi ba. Shekarata tara da aure a Kano, kuma ban taɓa buɗe baki na gaya wa dangin maigidana cewa ba na cin bama ba. Mayonis nake nufi, ko wane kamfani ne ya yi shi, tunda mu dai duk farin abin nan mai kauri bama muke ce masa, kamar yadda kowane garin sabulu ya koma omo a bakinmu.

Ba ƙin wasa nake yi mata ba. Murfin kwalbar kawai za a buɗe kusa da ni, ɗan tsami-tsamin nan da ƙarnin ƙwai su bugo hancina, sai in ji zuciyata tana tashi. Zamanta a baki ma ya fi warin damuna. Ni mai son miyar kuɓewa ce da karkashi, santsi ba baƙona ba ne, amma wannan santsin daban yake: ga sanyi, ga maiƙo, ta lulluɓe harshe ta yi zamanta, ka kora da ruwa ta ƙi tafiya.

A gidanmu ganye kwaɗa shi ake yi. Zogale, rama, tafasa, in rani ya yi kuma latas. A daka ƙuli, a yanka albasa da tumatir, a zuba barkono da gishiri da ɗan man gyaɗa, kowa ya sa hannu. Sai da na shiga makarantar kwana na fara ganin bama, ranar ziyara, a cikin biredin wata 'yar ajinmu. Ta gutsura min, na karɓa don kunya, na zagaya bayan aji na tofar. Tun ranar ba mu shirya ba.

Sai Allah ya haɗa ni da mijin da in babu ita a gida kamar babu gishiri ne. Biredi da ita, indomi da ita, soyayyen dankali da ita. Duk na jure. Ranar da haƙurina ya ƙare ita ce ranar da na tashi tun da safe na kwaɓa ɗan wake da kukarsa da kanwarsa, na tsaya kan tukunya ina jefawa zafi yana dukana, na soya mai da albasa, na kawo yajin da na daka da hannuna mai tafarnuwa da citta, bawan Allah nan ya ɗebo bama cokali guda ya dangwara a tsakiya ya juya. Tashi na yi na bar masa falon. Da na yi magana sai ya ce wai ni da nake cin daddawa, abin da sai ya ruɓe ake sa shi a miya, ina na ga bakin kushe abincin wani. Yaran ma duk sun bi shi.

A wajen taro dabara nake yi. In ture koslon, wato haɗin kabeji da karas da bama, gefen faranti, in faki ido in juye wa yaro, in an matsa in ce olsa ce ta hana ni.

To yanzu dabara ta ƙare. Bikin ƙanwar maigidana saura mako uku, cikin watan Afrilu, kun dai san zafin Kano a lokacin. Hajiya, surukata, ta raba aiki: babbar facalata soyayyiyar shinkafa da kaji, ƙaramar zoɓo da kunun aya, ni kuma koslo na mutum 150 ranar yini. Wai na iya yanka, hannuna da tsafta. Na ce to, na dawo gida na kasa barci.

Ga abin da nake so ku taimaka min da shi. Kabeji nawa, karas nawa, kwalba nawa? Yaya zan san ya yi daidai alhali ba zan iya kai shi bakina ba? Za a fara rabon abinci bayan azahar, kuma kun san yinin mata, har magariba ana zuwa, wuta kuwa a unguwar ba ta zama. Sannan wata maƙwabciyata ta ce in bar ɓarnar kuɗi, in kaɗa tawa a gida da ɗanyen ƙwai da man gyaɗa a bilenda, ta fi arha nesa ba kusa ba. In bi shawararta?

Na ƙarshe kuma, don Allah ku gaya min gaskiya: ni kaɗai ce? Ƙauyanci ne, kamar yadda maigidan yake tsokanata?

Uwar Tukwane ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, girkin biki sana'ata ce a Kaduna shekara da shekaru, kuma cikin yaran da ke min aiki wadda ta fi kowa iya haɗa koslo ba ta ci. Ido yake so fiye da baki.

Fara da maganar maƙwabciyarki: a'a. Ki yi mata godiya ki wuce. Ta gida tana da daɗi in mutum huɗu ne za su cinye nan take. Ɗanyen ƙwai, mutum 150, zafin Afrilu, babu wuta, kuma a gidan surukai? In cikin mutum biyu ya ɓaci, har jikokinki sai sun ji labari.

Lissafi. Koslo a biki rakiya yake yi wa shinkafa, cokali biyu ne a gefe. Ni ga mutum 150 nakan sayi kabeji manya masu nauyi guda bakwai, karas kamar kilo biyu, bama babbar kwalba biyu, ta uku in ajiye ba tare da na fasa ba. In ba a buɗe ta ba ba ta buƙatar firji, kuma ga maigidanki nan, ba za ta yi kwantai ba. Ki je 'Yankaba da sassafe ana gobe biki. Ki ɗaga kabejin a hannu, wanda kika ji ya yi nauyi ya matse shi za ki ɗauka, mai sakwa-sakwa iska ce kawai a ciki. Kwalaben kuma ki duba kwanan watan lalacewa, ki tabbata murfin a liƙe yake.

Ga inda mutane ke faɗuwa. Kabeji ruwa ne cike da shi, kuma da zarar gishiri ko sukari ya taɓa shi sai ya fara saki. Aikina na farko na biki, don in nuna ƙwazo, na haɗa komai tun ƙarfe tara na safe na rufe. La'asar na buɗe baho na tarar da kabeji yana iyo cikin farin ruwa kamar an dama farau-farau. Kwanan baƙin ciki na yi, uwar amarya kuwa ba ta sake kirana ba.

Saboda haka ki ɓare ganyen waje, ki wanke da ruwan gishiri da ɗan khal, wato ruwan tsamin nan na vinegar, ki yanka siriri. Ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki zuba a kwando ya yi kamar rabin awa, za ki ga ruwan da zai tsiyaye. Ki ɗauraye, ki baza a kan tsaftataccen zane ya sha iska har ya bushe. Karas ki goga shi daban. Ki ƙulla su a manyan ledoji ki jera a kula da ƙanƙara, kwalaben ma su shiga ciki. Kada ki haɗa duka lokaci ɗaya. Ki raba uku: na farko in an idar da azahar, na biyu bayan la'asar, na uku sai kin ga akwai sauran jama'a. Kowanne minti biyar ya ishe ki.

Kokwamba da dafaffen ƙwai, in Hajiya ta ce sai da su, a ɗora a sama lokacin zubawa, kada su shiga cikin haɗin. Albasa ni ba na sa wa na biki sam, in ta jima sai ta canza wa abin wari. Wasu suna tsinka bamar da madarar gwangwani don ta yi auki. Yana da daɗi, ban musa ba, amma a ranar zafi ba na yi. Sukari cokali biyu zuwa uku a kowane kaso, da ruwan lemon tsami guda ɗaya, sun wadatar.

Yadda za ki gane ya yi ba tare da kin ɗanɗana ba: ki ɗebo da cokali ki karkata shi. In ya tsaya bai zame ba, kowane sili yana ƙyalli amma kina ganin koren kabejin da jan karas ɗin, ya yi. In komai ya koma fari fat, kin cika, ki ƙara kabeji. Ki kuma leƙa gindin robar, kada ki ga farin ruwa ya kwanta. Zaƙi da gishiri kuwa ki samo yarinya ɗaya mai hankali ta zama bakinki, ɗaya tak, don in kika tambayi mata biyar za ki ji magana biyar.

In abincin a robobin tafi-da-gidanka za a zuba, kada a ɗora koslo kan shinkafa mai zafi a rufe. Ki sayi 'yan ƙananan kofunan roba masu murfi. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, ki gwada da kabeji ɗaya wannan Juma'ar.

Tsohon Mai Shayi ya amsa:

Hajiya, ni ɓangaren maigidanki nake, ki yi haƙuri. Shekara goma sha ɗaya na yi a kan tebur a bakin tasha kafin in koma sayar da kayan masarufi, kwalaben da na ƙarar da wuƙar nan Allah kaɗai ya san adadinsu.

Ku da kuke kallonta abincin 'yan gayu ba ku san ta ba. Masu sayenta a wajena 'yan dako ne, da direbobin dogon zango, da leburorin gini. Mutum zai zo da asuba ya ce a tsaga masa rabin biredi, a shafa ta ciki da kyau, a soya ƙwai biyu da albasa da attaruhu a tura a ciki, a danna a kasko ya ɗan gasu, ga shayi mai kauri. Wannan mutumin ba zai sake neman abinci ba sai la'asar. Bota tana narkewa biredin ya shanye ta, ita kuwa tana nan, kuma ɗan tsaminta yana kashe ƙarnin ƙwai. Ke kin ce ƙarni take miki, ni kuma maganin ƙarni na ɗauke ta. Ikon Allah.

Amma ba ke kaɗai ba ce, wannan na shaida. Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da ke zuwa min kullum, in ya ga wuƙar da zan yanka masa biredi ta taɓa bama sai na wanke ta a gabansa. Har wuƙa ta daban na ajiye saboda shi. Ga kuma wani yaron mota da ke sa in jefa masa cokali guda cikin shayin kansa, ya juya ya shanye. Shi kam ko ni sai in kau da kai.

Ɗan wake da bama kuwa na ci, kuma zan ƙara. Sai dai ya yi kuskure da ya juya a gabanki bai fara cin loma biyu da man da yajin ba. Wannan rashin ladabi ne ga mai girki, ba laifin kwalba ba.

Ni abin da ba na iya ci shi ne jan tumatirin kwalba mai zaƙin nan da yara ke lafta wa dankali. Tumatir da sukari? A kai kasuwa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Malama, Uwar Tukwane ta gama magana a kan aiki, ni dalilin abin zan ƙara, ko zai rage miki ƙyama, ko kuma ya ƙara, ban sani ba.

Mutane da yawa sun ɗauka madara ce a ciki saboda farinta. Asalin haɗin babu madara ko ɗigo. Mai ne, da gwaiduwar ƙwai, da khal ko ruwan lemon tsami, da gishiri. Kuma man shi ne kusan duka: a dokar Amurka ba a yarda a kira abu mayonis ba sai mai ya kai kashi 65 cikin 100 na nauyinsa, na gida kuwa yakan wuce haka. Kin san mai da ruwa ba sa haɗuwa. A cikin gwaiduwa akwai wani sinadari, lesitin, wanda gefensa ɗaya ke kama mai ɗaya gefen ke kama ruwa. In ana kaɗawa ana ɗiga mai a hankali, sai man ya farfashe ya zama ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kowace lesitin ya kewaye ta ya hana ta komawa cikin 'yan uwanta. Cunkoson ƙwayoyin nan ne kaurin, kuma su ne ke mayar da haske har abin ya yi fari. Shi ya sa in aka yi gaggawar zuba mai sai ta tsinke. Lulluɓe harshen da kike ji, man ne, ba ƙarya bakinki ya yi miki ba. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da kalori 90 zuwa 100, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, nan ne sirrin 'yan dakon Tsohon Mai Shayi.

Abin dariyar shi ne ke da maigidanki a gefe biyu na abu guda kuke. Ƙuli gyaɗa ce da aka matse mata mai, sannan ki dawo ki tsiyaya man a kan kwaɗo. Shi kuma man yake ci an kaɗa masa da ƙwai.

Game da lafiya. Ta kamfani ana yin ta da ƙwan da aka riga aka kashe wa ƙwayoyin cuta da zafi, kuma tsaminta yana da ƙarfin da yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya yaɗuwa a ciki. Sau da yawa in ciki ya ɓaci bayan biki aka ce bama ce, ba ita ba ce. Ganyen da ba a wanke da kyau ba ne, ko hannu, ko wuƙar da aka yanka ɗanyen kaza da ita aka dawo kan kabeji. Sannan da zarar an juya ta da ganye, ruwan ganyen yana rage mata tsami, kariyar ta ragu. Ta gida kuwa ɗanyen ƙwai ne kai tsaye, kuma ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai kawo zazzaɓi da amai da gudawa, wadda ta fi tsanani ga yara ƙanana da tsofaffi da masu juna biyu, wato rabin mutanen yinin biki. Ƙa'idar da masana tsaftar abinci ke bayarwa ita ce kada irin wannan abinci ya wuce awa 2 a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1. Kano a Afrilu tana kai 40. Kin ga hikimar raba shi uku. Ki ware katako da wuƙar da ba za su kusanci wajen masu kaji ba.

Wani ɗalibina ya taɓa rantse min cewa a garin Bama na Jihar Borno ake yin ta. Ba haka ba ne, sunan daga Alabama ta Amurka aka gutsuro shi, can tambarin ya samo asali. Shi kuma sunan mayonis, labarin da ya fi yawo shi ne daga garin Mahon na tsibirin Minoka da ke tekun Bahar Rum ya fito, wanda Faransawa suka ci da yaƙi a 1756, kodayake masana tarihin abinci suna jayayya a kai har yau. Ko ta ina aka bi dai baƙuwa ce, ba a yanke wa kowa cibi da ita a nan ba, don haka ban ga ƙauyanci a ƙin ta ba.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa daga wannan gefen iyaka. Mu nan mayonez muke cewa, kuma zama da Faransawa ya sa ta shige mu sosai. Dogon burodin nan mai ɓawo, a tsaga shi a shafa ta, a zuba ƙwai ko nama ko wake, shi ne karin kumallon ɗan lakkwal, wato ɗan makaranta, da ma'aikaci. Salati ma a gidaje da yawa da ita ake yi, ko da mai da khal.

Abin da ku ba ku da shi shi ne mutar, wato mastad a Turancinku, rawayan nan mai hawa hanci. Mai gasa nama a Yamai ko nan Maraɗi zai yanka maka, ya zuba albasa da yaji, ya ɗan dangwala maka mutar a gefen takarda. Zuwana Kano na farko na tsaya wajen mai balangu na ce ya sa min, ya dube ni kamar na nemi ya ba ni rance. Wani abokina Bakano kuma da ya zo nan ya lakato da yawa yana zaton wani irin man shanu ne, sai da hawaye suka zubo masa, ya ce mun ba shi maganin mura.

Ki ce wa maigidan naki in warin daddawar kalwa yake kuka da shi, ya zo mu ba shi miyar daddawar batso, ta gurguzun yakuwa. Bayan ta zai dawo ya ba ki haƙuri.

Jikar Mai Daddawa ta amsa:

Yaya, maganar ruɓewar nan ce ta hana ni wucewa. Kakata daddawa ta yi ta sayarwa har ƙarfinta ya ƙare, a gabana ake yi, ruɓa daban, wannan daban.

Kalwa ce, 'ya'yan ɗorawa, bayan an cire garin nan rawaya mai zaƙi. Tauri gare ta kamar tsakuwa, sai ta kwana a kan wuta tana dahuwa. A surfa a turmi ɓawon ya fita, a wanke a rege, a sake dafawa, a tsane, a zuba a masaki ko kwando a rufe da ganye da buhu a ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. Ranar da aka buɗe, unguwa kaf ta san an buɗe. Sannan a kirɓa, a mulmula, a faffaɗa, a shanya a rana. Kakata ba ta barin kowa ya leƙa kafin lokaci, kuma in ta ga ba ta yi yauƙin nan a jiki ba ta san ba ta nuna ba. Abin da ya lalace zubarwa ake yi. Wannan kuwa wata da watanni take yi a rataye ba firji ba ƙanƙara, abin da kwalbar maigidanki ba za ta iya ba in an buɗe ta. Yarbawa suna da ita, iru, mutanen Mali da Burkina suna ce mata sumbala, ba mu kaɗai muka haukace ba.

Ga wadda za ki ajiye masa. Daɗin da daddawa ke ba miya da daɗin da farin magi ke bayarwa tushensu ɗaya, sinadarin gulutamet. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano shi a 1908 cikin romon ganyen teku, daga nan aka fara yin Ajinomoto. Ita kalwa a kwanakin nan da take a rufe ne take sakin nata. Wato wanda ya ce ba ya son daddawa amma yana jefa ɗunƙule huɗu a tukunya, ɗanɗanon yake so, warin ne bai iya ba. In kina so ki rage masa, ki ɗan gasa ta a kan wuta kafin ki daka da barkono da albasa, kuma ki sa ta tun farkon sanwa ta dahu sosai.

Ni ma ba na cin bama, amma tawa da sauƙi, ina iya haɗa wa mutane. Man shanu ne ba na iya zama kusa da shi in ana soyawa, kuma a gidanmu wannan ya fi ƙin bama zama abin kunya.

Shawarata: ki roƙi Hajiya ta bar ki ki ƙara tire ɗaya na kwaɗon kabeji da latas da ƙuli. Tsofaffin da za su zo daga ƙauye za su sa miki albarka.

'Yar Malumfashi ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Anti Uwar Tukwane, na yi gwajin ranar Juma'a kamar yadda kika ce. Kabeji ɗaya, karas uku. Ruwan da ya tsiyaye a kwandon nan ya ba ni mamaki, ya kusa rabin kofi. Na ɗaure hancina da gefen mayafi na juya, na karkata cokali, ya tsaya. Maigidan na ba ya ɗanɗana, ya ce a ƙara bama. Na ƙara rabin cokali, ya ce a ƙara. Nan na gane ba zai yi aikin baki ba, na kira 'yar maƙwabta ta ce na farkon ma ya yi. Ita zan tafi da ita ranar.

Jiya kuma na je gaida Hajiya, na yi ta kewaye-kewaye a kan maganar tiren kwaɗo, daga ƙarshe dai na sunkuyar da kai na ce mata ni fa ba na cin bama. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafar da take yi. Ta ce, "Yo wa bai sani ba? Shekara tara kina ɗura wa jikokina a gefen faranti. Olsar da ba ta hana ki yajin tafarnuwa." Ashe shi ya sa ta ba ni aikin. Wai a sunan da aka yi bara wadda ta haɗa mai son abin ce, ta juye kwalba huɗu har ba a ganin ganyen, ni kuwa ta san hannuna ba zai yi nauyi ba. Kunya kamar in nutse.

Kwaɗon ta yarda, amma ta ce tire ɗaya, a kai ɗakinta inda ƙawayenta za su zauna, kada a fito da shi tsakar gida dangin ango su ce rowa aka yi. Ƙulin ma ta ce kada in saya a nan, za ta aika a kawo mata na gida.

Malam, na karanta wa Abban yara bayaninka na mai kashi 65, ya ce shi ya sa take da daɗi. Na karanta masa na Jikar Mai Daddawa, ya ce zai yi tunani. Ɗan wake dai mun yi sulhu: nasa a kwanonsa, ya juya a inda ba na gani.

Saura abu ɗaya. Ƙananan kofunan nan masu murfi, a Singa zan same su ko sai na shiga Sabon Gari? Kuma ƙanƙara manya guda nawa za su riƙe kula biyu daga safe zuwa magariba?